Kwat ruwan ƙasa da maiɗakina ta ɗinka mini ta jawo mini dariya a ofis

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 31, ina aiki a wani kamfanin inshora a Abuja. Daga Litinin zuwa Alhamis kwat muke sawa, ran Juma'a ce kawai ake barinmu mu sa manyan kaya. Kwat biyu gare ni, baƙa da shuɗiya mai duhu, su nake juyawa tun da na kama aiki. Wata bakwai da aurenmu, maiɗakina ta ce kullum kamar mai zuwa kotu nake fita. Da ta kwashi adashinta sai ta sayo yadi ruwan ƙasa aka ɗinka mini kwat da wando, ta haɗo da shat ruwan madara mai ɗan rawaya, da laktaye ruwan goro mai sheƙi, da takalmi ruwan zuma. Ranar Litinin na sa su gaba ɗaya. Abokan aiki suka yi ta tsokanata, wani ma ya ce kamar tulun da aka fito da shi daga gashi. Oga kuma ya ja ni gefe ya ce ba a zuwa wurin abokan hulɗa da ruwan ƙasa. Na dawo gida raina a ɓace, na ce mata ta sa an mayar da ni abin dariya. Tun ranar kwat ɗin tana rataye, ita kuma ta daina ce mini komai a kan sutura. Ni wankan tarwaɗa ne. Nan da mako uku akwai liyafar auren abokina da daddare, a watan Oktoba kuma kamfani zai tura ni Landan kos na mako biyu. Ba ni da kuɗin ɗinka wata kwat. Shin launin ne bai karɓe ni ba, ko haɗin ne? Kuma yaya zan gyara tsakanina da ita?

Daga wani mai karatu a Abuja

Wa alaikumus salam, ƙanena. Haɗin ne ya ɓaci. Launin ba shi da laifi, kuma cikin kayan nan huɗu babu wanda za a kira asarar kuɗi. Kyauta huɗu aka ba ka, kowace da ranarta da abokin tafiyarta, sai ka tattara su ka sa rana ɗaya.

Mu fara da abin da idon abokan aikinka ya gani. Masu harkar sutura kan raba launuka gida biyu. Akwai masu ɗumi, waɗanda in ka ƙura musu ido za ka hango ja ko rawaya a cikinsu: ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan zuma, ruwan madara, ruwan hanta, ruwan tsatsa, kaki. Akwai kuma masu sanyi, irin su shuɗi, sararin samaniya, ruwan toka da fari tas. Duk abin da ka sa ranar nan daga gida ɗaya ya fito. Fatar wankan tarwaɗa ita ma launi ne mai ɗumi, don haka abu biyar ka haɗa, fuskarka ce ta biyar. Ido ya duba daga goshi zuwa tafin ƙafa bai samu wurin tsayawa ba, shi ya sa aka tuno da tulu, wanda daga baki har gindi launinsa ɗaya ne.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan girma, ita ce ta haske da duhu. Ana iya sa launuka masu ɗumi zalla a yi kyau, muddin wani ya yi duhu sosai, wani ya yi haske sosai. Naka duk a tsakiya suka taru. Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo: shimfiɗa kwat ɗin a kan gado, sa shat a cikinta, ɗora laktaye, ajiye takalmi a ƙasa, ka ɗauki hoto da waya, sannan ka mayar da hoton baƙi da fari. In duk suka fito ruwan toka iri ɗaya, haɗin bai yi ba. Haɗi mai kyau a irin wannan hoto zai nuna maka hawa uku: shat ta fi kowa haske, kwat a tsakiya, laktaye da takalmi sun fi duhu. Ka riƙe wannan gwajin, zai yi maka amfani har a kaftani da hula.

Kai ma ka san wannan ilimin, a manyan kaya ka koye shi ba ka lura ba. In ka ɗinka shadda ruwan ƙasa, wace hula kake nema? Zanna ko damanga mai zare uku ko huɗu, ɗaya ya ɗauko launin rigar, sauran su saɓa masa, wani fari, wani shuɗi ko baƙi. Aikin da hula take yi wa kaftani, shat da laktaye ne suke yi wa kwat.

Kafin ka sayi komai, gano wane irin ruwan ƙasa ne naka, domin iri-iri ne. Fitar da kwat ɗin waje da hantsi, ka tsaya a inuwa, ka ɗora farar takarda a kanta. Kada ka yi a ɗaki, ƙwan lantarki mai rawaya yana ƙara wa ruwan ƙasa ja, farin ƙwan lantarki kuma yana kashe shi. In ta karkata wajen ja, kamar makuba ko jar ƙasa, abokanta su ne sararin samaniya, shuɗi mai duhu da kore mai duhu, kuma ka nisanta ta da ruwan goro da ja mai haske. In ta karkata wajen rawaya, kamar zuma ko gashin raƙumi, to farar shat da laktaye shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa mai duhu sosai, ruwan madara kuma ba ya zama a cikinta, sai ya zama kamar farar rigar da ta daɗe ba a wanke ba. In kuwa mai duhu ce wadda ta ɗan yi toka-toka, kamar gasasshen kofi, ka yi sa'a. Ita ce ta fi kusa da kayan ofis, tana karɓar ruwan hanta, tana karɓar shat ruwan hoda mai haske, har ruwan madarar ma tana karɓa in laktayen shuɗi ne. A wannan fitowar ka kara bayan hannunka a jikin yadin. Abin da ake so shi ne yadin ya fi fatarka duhu a fili, ko ya fi ta haske a fili. In sun zo kusan ɗaya, to wajibi ne kullum a samu fari ko shuɗi mai haske tsakanin wuyanka da kwat ɗin.

Wannan tsakanin ma'auni gare shi. Kwalar shat ta leƙo sama da kwalar kwat a bayan wuya da kamar santimita ɗaya da rabi, hannun shat ya leƙo daga hannun kwat da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Teloli da yawa suna sakin hannun kwat har ya rufe bayan hannu, a baƙar kwat ba a cika lura ba, amma a ruwan ƙasa sai fata da yadi su haɗe babu iyaka. In naka haka yake, mayar wa tela ya rage, ƙaramin aiki ne. Tun da ka je, duba maɓallai. In na roba ne masu ƙyalli, ya cire ya sa masu duhu marasa sheƙi, irin masu kamar ƙaho. Abin mamaki ne yadda maɓallai kaɗai ke ɗaga darajar kwat.

Yanzu ga rabon kayan.

Kwat da wandon ruwan ƙasa su tafi da shat sararin samaniya ko fara, laktaye shuɗi mai duhu marar sheƙi, takalmi ruwan ƙasa mai duhu, bel launin takalmin, safa launin wandon ko wadda ta fi shi duhu. In kana son hankici a aljihun ƙirji, fari na auduga ko lilin, a ninke shi ya leƙo kamar faɗin yatsa. Wannan haɗi na shuɗi da ruwan ƙasa shi ne gadon bayan suturar maza a Italiya, har suna suka sa masa, azzurro e marrone. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne ruwan ƙasa ruwan goro ne da aka dusashe, shuɗi kuma shi ne kishiyar ruwan goro, kowanne yana fito da ɗan'uwansa. In ka gaji da shuɗin laktaye, kore mai duhu ne na biyu, ruwan hanta na uku. Faɗin laktayen ya yi kusa da faɗin kunnen kwat, wato naɗin da ke sauka daga kwala zuwa ƙirji, wajen santimita 8, bakinsa ya sauka daidai kan bel.

Laktaye ruwan goron nan da ya jawo rabin dariyar, gidansa shuɗiyar kwat ɗinka ce, da farar shat. A nan shi kaɗai ne mai ɗumi, yana zaune a tsakiyar duhu da fari, sheƙinsa ma sai ya ragu a ido saboda ba shi da abokin gasa. Kada dai ka ƙara masa hankici mai launinsa. Masu shago suna son sayar da laktaye da hankici na yadi ɗaya a kwali ɗaya, amma in aka sa su tare sai mutum ya zama kamar ma'aikacin otal.

Shat ruwan madara ita ma wajen shuɗiyar kwat za ta koma, wata rana daban, da laktaye ruwan ƙasa mai duhu ko ruwan hanta. A ƙarshen mako kuma tana tafiya da wandon kwat ɗin ruwan ƙasa ba kwat ba laktaye, in wandon mai duhu ne. Da baƙar kwat kuwa kada ka gwada, baƙi yana tona rawayar da ke cikinta.

Takalmin ne ya fi bukatar magana. Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce takalmi ya fi wando duhu. In ya fi shi haske, duk wanda ka tunkara ƙafarka zai fara kalla. Ruwan zuma na wando kaki ne, ko ruwan toka mai haske, ko kaftani fari ko ruwan madara ran Juma'a, inda zai yi kyau ƙwarai. In kana son ya shiga ƙarƙashin kwat sai an ƙara masa duhu, kuma ana iyawa in fatar gaske ce. Ɗiga ruwa a wurin da ba a gani, kamar harshen takalmin. In wurin ya sha ruwan ya yi duhu, fatar za ta sha mai. In ruwan ya tsaya ya gangare, an lulluɓe ta da roba, kada ka wahalar da kanka. Mai shan ruwan sai ka goge shi da ɗanyen tsumma, ka bari ya bushe a inuwa, ka shafa man takalmi mai laushi ruwan ƙasa wanda ya fi shi duhu da hawa ɗaya ko biyu, kaɗan-kaɗan da tsumma a yatsa, ka jira minti goma sha biyar, ka buge da buroshi. Maimaita sau ɗaya a rana har kwana uku ko huɗu. Wanda ya lafta mai da yawa lokaci ɗaya, takalmin zai yi dabbare-dabbare, man kuma ya fashe a inda ƙafa ke lanƙwasa. Ka gargaɗi mai gyaran takalmi na bakin ofis kada ya taɓa shi da baƙin mai, ko da buroshin da ya gama goge baƙin takalmi. Wannan hanyar ba za ta mayar da zuma ta zama kofi ba, iyaka ta kai shi ruwan ƙasa matsakaici. In duhu sosai kake so sai rini a wajen dukawa, kuma rini ba ya komawa baya. Baƙin takalminka na ofis yana iya shiga ƙarƙashin ruwan ƙasa in kwat ɗin mai duhu ce sosai, in ba haka ba ka bar shi wa baƙa da shuɗiya.

Wani zai ce ka raba kwat ɗin da wandonta, ka sa ta da wando ruwan toka. Haɗi ne mai kyau, ɗaya daga cikin mafiya tsufa, amma da sharaɗi: yadin ya kasance marar sheƙi, mai ɗan kaushi ko zane a saƙarsa. In sumul yake yana ƙyalli, kowa zai gane kwat ce da ta rabu da wandonta. Kuma ka sani in ɗaya ya fi ɗaya shan wanki da rana, cikin 'yan watanni launinsu zai bambanta, ruwan ƙasa kuwa ba ya ɓoye wannan. Duk ranar da za a kai wanki, a kai su tare.

Maganar Oga fa? Ka saurare shi, domin yana da hujja ko da bai san tushenta ba. Tsohuwar al'adar Ingila ce: a birnin Landan, wurin bankuna da lauyoyi da 'yan inshora, baƙi da ruwan toka mai duhu da shuɗi mai duhu ake sawa, ruwan ƙasa kuma na ƙauye ne, na ranar farauta da hutun ƙarshen mako. Sana'arku ma can ta yi ƙarfi, kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo asali ne daga shagon shan kofi na Edward Lloyd a wajajen 1688, kuma an san ta da tsauri a kan sutura. Al'adar ta yi sauƙi yanzu amma ba ta mutu ba. A 2016 wata hukumar gwamnatin Birtaniya mai bin diddigin yadda 'ya'yan marasa gata ke samun manyan ayyuka ta fitar da rahoto cewa a wasu bankunan zuba jari, sa takalmi ruwan ƙasa da kwat yana iya rage wa mai neman aiki daraja a idon masu ɗauka. A Amurka ma, da Barack Obama ya fito taron manema labarai da kwat mai launin kaki a watan Agustan 2014, kwanaki aka yi ana surutu. In shugaban ƙasa bai tsira ba, kai ma ka yi wa kanka uzuri.

To amma lura da abin da Oga ya faɗa. Wurin abokan hulɗa ya ce. Bai hana ka sa ta a ofis ba, kuma ya ja ka gefe ne bai tozarta ka a gaban mutane ba, wannan alamar mai son ka da alheri ce. Ranar ganawa da baƙi ko zuwa wani kamfani, shuɗiya. Ranar da kake zaune a teburinka, musamman Alhamis, ruwan ƙasa da shat sararin samaniya. Ka bar mako biyu su wuce tukuna, kuma karon farko ka sa ta a haɗin da ya fi kowanne natsuwa. In kana shakka, tambaye shi kai tsaye: "Ranka ya daɗe, ranar da ba mu da baƙi fa?" Manya suna son a tambaye su. Abokan aiki kuwa ba su cancanci dogon tunani ba. In mai maganar tulu ya sake, ka ce masa tulun ya dahu, ku yi dariya a wuce wurin.

Wadda ta fi cancantar tunaninka tana gida. Ka duba abin daga wajenta. Adashi kuɗi ne da mace ke ƙirga wa wata-wata, tana da abin da ta ƙudurta za ta saya wa kanta, sai ta juya shi gaba ɗaya a kanka. Kuma abin da ta hango gaskiya ne, baƙar kwat kullum a ranar Abuja tana da nauyi a ido, a hunturu kuma ita ce ta fi kowace nuna ƙura, alhali ruwan ƙasa shanye ta yake yi. Inda ta kuskure, ƙa'idar kwalliyar mata ta ɗauko. A wajensu gwaninta ce mayafi da takalmi da jaka su ɗauko launin da ke cikin atamfa, su zo gida ɗaya. Ta yi maka abin da ta san shi ne kyau. Kai kuma ka tsaya gaban madubi da safen nan ka fita da ƙafarka, kai ne ka san ofishinku ba ita ba. Kunyar da ka ji gaskiya ce, ba wanda ke son a yi masa dariya a wurin neman abincinsa, amma ka sauke ta a kan wanda bai yi maka dariyar ba.

Shirun da ta yi a kan suturarka ba fushi kaɗai ba ne, tsoro ne kada ta sake jawo wa kanta magana. Don haka haƙurin baki kaɗai ba zai buɗe bakinta ba. Ka ba ta haƙurin dai, a fili, da sunan laifin: ka ce maganar da ka faɗa ranar nan ba daidai ba ce, kuma ka san abin da ta hana kanta don ta yi maka. Kada ka biyo shi da "amma ke ma". Kada kuma ka zauna kana karanta mata darasin launuka kamar yadda na karanta maka, sai ya zama an sake nuna mata kuskurenta. Washegari ka sa shuɗiyar kwat da farar shat da laktayenta ruwan goro, ka bar shi a kwance ka ce ta gyara maka. Bayan kwana biyu ka ɗauko shat biyu, fara da sararin samaniya, ka ce wacce ta fi da kwat ɗinta. Zaɓi tsakanin abu biyu da duk suka dace, kowanne ta nuna kun yi nasara, hannunta kuma ya dawo cikin lamarin. Gwajin hoton nan ku yi shi tare, a matsayin wasa, har da nata kayan. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ta ga hawa ukun da kanta ba sai an yi mata bayani ba.

Liyafar abokinka kuma, fara duba kati ko ka tambayi ango. In akwai anko ko an ce manyan kaya, magana ta ƙare, ka sa kaftani fari ko ruwan madara, hula mai zaren ruwan ƙasa da shuɗi, da takalmin nan ruwan zuma yadda yake. In kwat za a sa, dare duhu yake so. Kwat ɗinka in irin ta kofi ce, sa ta da farar shat, laktaye ruwan hanta ko shuɗi, farin hankici. In matsakaiciya ce ko mai haske, bar ta wa taron rana, domin fitilun ɗakin taro masu rawaya za su tura ta wajen ruwan goro, hasken kyamara kuma zai fito da duk wani ƙyalli da ke jikin yadin. A wannan halin shuɗiya da laktayen maiɗakinka. Ko ta wace hanya dai akwai abin hannunta a jikinka a daren, kuma ka faɗa mata ka lura da haka.

Landan a Oktoba kaka ce, ganye na juyawa ruwan goro da ruwan tsatsa, kuma lokacin ne mutanen can suka fi sa launuka masu ɗumi. Ma'aunin zafi kan yi yawo wajen digiri 9 zuwa 16, ga yayyafi. Ranar farko ta kos ka sa shuɗiya da baƙin takalmi, ka ga yadda sauran suka zo. Sau da yawa za ka tarar ko laktaye ba su sa ba, daga nan ruwan ƙasa ta samu hanya. Damuwarka a can sanyi ce. Yadin da ake ɗinka kwat da shi don zafinmu bai fi giram 220 zuwa 280 a mita ba, iska ratsa shi take yi. Maganinsa siririyar rigar sanyi ta ulu mai buɗaɗɗen wuya a ƙarƙashin kwat, shuɗiya mai duhu ko kore mai duhu, wadda za ta shiga duka kwat biyun. Sai babbar rigar sanyi ta sama, wadda aro ko gwanjo ya wadatar, shuɗiya ko launin gashin raƙumi. Za ka ga kwat masu kauri na ulun Sikotland, irin Harris Tweed da ake saƙawa da hannu a tsibiran yammacin ƙasar, launinsu na ƙasa da ganye mai ɗaukar ido. Kalla ka wuce. Nauyinsu ya kusa ninka na taka, a watan Maris na Abuja da zafi ke haura digiri 35 ba za ka iya minti goma a ciki ba.

Tun da an zo maganar yadi, yana da kyau ka san abin da aka ɗinka maka. Nemi ƙyallen da ya rage wajen tela, zare zare biyu ko uku ka kusanta su da ashana a wajen ɗaki. Ulu yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murƙushewa. Auduga da lilin warin takarda suke yi. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. In na roba ne ko gauraye, dutsen guga mai zafi zai bar masa ƙyalli a kafaɗa da bakin aljihu wanda ba ya fita, don haka kullum a sa ɗanyen farin ƙyalle tsakanin dutse da yadi, a rage wuta, a danna a ɗaga maimakon a ja. Na roba kuma yana riƙe gumi, matsakaicin ruwan ƙasa kuwa yana nuna jiƙa fiye da baƙi, sai ka riƙa sa 'yar ciki mai hannu ta auduga. In ka dawo aiki ka kakkaɓe ta da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, ka rataye a maratayi mai faɗin kafaɗa, a inuwa, ta huta kwana ɗaya kafin a sake sawa. Rana tana cin ruwan ƙasa daga kafaɗa, ta bar shi ja-ja.

Abin da za ka kashe bai kai kuɗin kwat ba. Na farko shat sararin samaniya ta auduga, marar zane ko mai siraran layuka fari da shuɗi. Na biyu laktaye shuɗi mai duhu marar sheƙi, in ka samu mai ɗan kaushin saƙa ya fi. Na uku gwangwanin man takalmi da bel ruwan ƙasa mai duhu. Takalmi ruwan kofi sai albashi na gaba, kuma a nan kada ka bi araha, ita ba ta ado, gara gwanjo na fatar gaske da sabo na roba. Ranar Asabar da hantsi ku tafi kasuwar Wuse ku biyu, da kwat ɗin a hannu ko ƙyallenta a aljihu. Duk abin da mai shago ya miƙo, ku fito da shi bakin ƙofa ku kara a jikin yadin a hasken rana, ka bar ta ta fara faɗin ra'ayinta kafin ka ce komai. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ka Landan lafiya ya dawo da kai lafiya.